Kwanon da ke Rataye a Shingen Baba Rawaya

A masana'antar tayil da ke bayan tashar manyan motoci ba wanda yake kiran mutumin nan da sunansa. Baba Rawaya ake ce masa, don komai nasa rawaya ne: faratansa, bakin wandonsa, har gefen gashin bakinsa inda yake sosawa in yana tunani. Aikinsa jan layi a ƙasa, kafa shingen ƙarfe da rubuta allunan gargaɗi. Da can allunan shaguna yake rubutawa a bakin titi. Aka kira shi ya rubuta sunan kamfani a ƙofa, yana kan tsani ya hango lodin tayil ya zubo wa wani lebura a ƙafa. Tun ranar tsoro ya shige shi bai fita ba, shi ma bai fita daga kamfanin ba har furfura ta cim masa.

Abin bai tsaya a wurin aiki ba. A gida ya ja layi a bakin rijiya, ya ja a matakala, ya ja a gaban injin janareta. Matarsa ta yi ta haƙuri har ranar da ta dawo daga unguwa ta tarar ya zagaye murhunta da fenti, ya kuma rubuta "Hattara, Zafi" a bango. Ta ce tun bai san hanyar gidansu ba take girki, kuma ba ta taɓa zaton wuta sanyi gare ta ba. Daga ranar gwangwanin fenti ya koma kwana a waje.

To, wannan matar tana da ƙani, autansu, ƙato mai tumbi da fara'a, wanda ba ya iya ganin doguwar hanya ya bi ta. Yanke ake ce masa. Baba Rawaya ne ya sama masa aikin jera tayil a kwali, kuma ranar da zai fara, matar ta tare mijinta a bakin ƙofa.

"Malam, ga ƙanina nan," in ji ta. "Yadda ya fita da ƙafa biyu, haka nake so ka riƙa dawo mini da shi."

Ya amsa da to, yana ganin abu ne mai sauƙi. Bai san ya ɗauko wa kansa ciwon kai ba.

Tsakanin ɗakin jera kaya da rumfar da ma'aikata suke cin abinci akwai wata hanya mai faɗi, ta motar ɗaga kaya, wadda suke kira Mai Ƙaho saboda ƙarafuna biyun da ke gabanta. In an yi mata lodi mai tsawo, direban ba ya ganin gabansa, sai ya riƙa tafiya da baya, ƙararrawarta kuma ƙarar injina ta shanye ta. Hanyar mutane tana nan, Baba ya shafe ta da rawaya, amma sai an zaga ta bayan sito. Da an tashi cin abinci, Yanke zai buɗe kwanon da yayarsa ta zuba masa, ya bar murfin a benci, ya ratsa hanyar Mai Ƙaho yana tafe yana kai loma. Sauran kuwa su bi shi ɗuu kamar tumaki.

Baba ya fara da layi mai kauri. Yanke ya tsallake, har yana yaba masa cewa layin ya miƙe. Baba ya kafa allo, ya zana mutum kwance a ƙarƙashin taya. Ma'aikata suka taru suna gardamar wa ya zana, aka tsayar da cewa manaja ne saboda hancin. Bayan kwana biyu allon ya zama wurin shanya riguna masu gumi, ba a ganin komai sai ƙafar mutumin.

Sai ya sa mai walda ya kafa shinge iya ƙugu. Suka mayar da shi kujera, in sun gama hira su wurga ƙafa su dira ɗaya ɓangaren. Ya ƙara masa tsawo har ƙirji, suka koma sunkuyawa ta ƙasa. Baba ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya yi barazanar kai ƙara gida. Yanke ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

"Yaya, ai Mai Ƙaho ta san ni. Kai dai ka kwantar da hankalinka, kar hawan jini ya kama ka a banza."

Gaskiyar magana, Baba ba haushi yake ji ba, tsoro yake ji. Duk ranar da ya ga tumbin nan yana ratsa hanya, sai ya hango kansa tsaye a ƙofar gida shi kaɗai, matarsa tana leƙa bayansa. Abincinsa ma ya daina shiga. Rannan ya sa aka ƙara ƙarfe a tsakiya da wani a ƙasa, ya sa aka binne turakun a siminti sosai, mai walda yana ta mita wai ko kurkuku ba a yi masa haka.

Washegari ma'aikata suka zo suka tsaya cirko-cirko. Wasu suka haƙura suka zaga. Yanke kuwa ya auna tazarar ƙarafunan da ido, ya ga ai abin bai kai ya kawo ba. Ya fara zura hannun da ke riƙe da kwano, ya zura kai, ya zura kafaɗa ɗaya. Da aka zo kan tumbi, sai tafiya ta tsaya. Ya ja numfashi ya matsa, ya ƙara maƙalewa. Ya yi ƙoƙarin komawa, kunnuwa suka ƙi. Mutane suka kwashe da dariya, wani yana cewa a kawo sabulu, wani yana cewa a bar shi nan har ya rame. Shi kansa Baba, da ke tahowa da burushi a hannu, sai da ya murmusa.

Murmushin bai gama ba ya hango Mai Ƙaho ta ɓullo daga kwanar sito da baya, da gudu, lodi har sama. Ya ɗaga hannu yana ihu, direban bai ji ba. Yanke ya saki kwano ya janye hannunsa. Motar ta karkata, gindinta ya daki turken da ke kusa da kansa, ƙarfen ya lanƙwashe amma bai tumɓuke ba, ta tsaya cak. Da aka ja motar gaba, ga kwanon nan a daidai inda Yanke yake taka ƙafa kullum, ya baje kamar faifai, abincin ya manne da siminti.

Sai da mai walda ya yanke ƙarfe ɗaya aka zaro shi. Bai ji ciwo ba sai ƙujewa a ciki. Ya zauna a ƙasa yana kallon kwanon. Baba kuwa ya zauna a kan ɗanyen fentinsa bai sani ba.

Manaja ya ce a miƙe turken, a jefar da kwanon. Baba ya roƙi a bar masa su haka nan. Ya huda kwanon, ya ɗaure shi da waya a jikin lanƙwasasshen ƙarfen, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Ba wanda ya taɓa shanya riga a kansa. Yanzu in an kawo sabon ma'aikaci, Yanke ne yake jan hannunsa ya kai shi wurin, ya nuna kwanon, ya shafa tumbinsa, ya ce wannan ne ya cece shi, don haka kowa ya dage da ci. Sannan ya zaga da shi ta bayan sito, yana haki.

A yammacin ranar da abin ya faru, murfi kawai Baba ya kai gida. Matar ta fara faɗa tun daga tsakar gida, kwanonta mai kyau, na cikin jeren da take ji da shi, an bar mata murfi ta yi me da shi. Ya bari ta gaji, sannan ya ba ta labari. Ta dubi ƙaninta da ke raɓe a bayansa, ta dube shi tun daga kai har ƙasa, ta tsaya a kan ƙafafun nan biyu. Sai ta shige kicin da murfin a hannu.

Da gari ya waye, Baba ya fito alwala ya tarar da gwangwanin fentinsa a cikin gida, an ajiye shi a gefen murhu, an ɗora burushi a kai.