Saidou da Kwalbar Ƙasar Madam

Saidou ɗan Delou bai taɓa yarda da kowa ba, kuma ba a Riyad ya koyi wannan hali ba, da abinsa ya taso daga ƙauyensu na bayan Tasawa. Tun yana yaro in wanzami ya yi masa aski sai ya tsuguna ya tsince gashin tsaf ya je ya binne. In ya taka ƙasa mai laushi a ƙofar gidan wanda ba sa ga maciji da shi, sai ya juyo ya share sawun da gefen ƙafa, don kada a ɗebi ƙasar a kai wa boka. Ana ce masa zato zunubi, shi kuwa yana cewa mai zato shi ke kwana a ɗakinsa lafiya.

Noma bai riƙe shi ba. Ya yi yaron mota tsakanin Maraɗi da Kwatano, a can ya koyi tuƙi, ya tsinto Faransanci irin na bakin tasha, wanda ya isa zagi da ciniki da ba jandarma haƙuri. Da aka ce ana neman direbobi a Saudiyya ya sayar da bijimin gidansu, ya bar matarsa Balkissa da goyo, ya bar uwarsa Delou tana cewa, "Kada ka daɗe, Saidou. Kai nake so ka sa ni a kabari, ba maƙwabta ba." Ya ce to.

Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a can, wani Balarabe ne, Abu Nayif, mai tumbi da yawan inshallah. Shi ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, ya karɓe fasfo ya jefa a durowa, sannan ya ba da shi haya kamar jaki ga wata Baturiya ’yar Kanada, Madam Taras, nas a wani babban asibiti wajen unguwar Ulaya. Lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar, ko kin kai shekarun kakar sarki sai an ja ki. Madam doguwa ce, busasshiya kamar karan dawa, abayarta kullum a karkace. Mutanen yankinsu Faransanci suke yi. Ranar da ta ji Saidou ya auna wa wani mai tasi zagi da Faransanci, saura kaɗan ta yi kuka don murna. Daga ranar ta liƙe masa.

Kirki dai tana da shi, kuma kirkin ne ya fara hana Saidou sakewa. Haƙori ya yi masa ciwo, ta kawo magani. Ta ga takalminsa ya buɗe baki, ta sayo wani. Banza ba ta kai zomo kasuwa, in ji shi a ransa. Rannan kuma tana zaune a baya ta ce, "Saidou, yaya sunan mahaifiyarka? Ina so in riƙa sa ta a addu'a." Wa ke tambayar sunan uwar mutum in ba mai shirin yi masa aiki ba? Ya dubi titi ya ce, "Mariama." Can wata Mariama ta sha addu'ar Nasara shekara da shekaru ba ta sani ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, goyon da ya bari ya shiga makaranta. Duk sanda Saidou ya ce zai tafi gida, Abu Nayif sai ya ce, "Ka tambayi Madam." Madam sai ta dafe ƙirji ta ce ya bari bayan Kirsimeti. Bayan Kirsimeti ta ce ya bari zafi ya wuce. Shi kuma, abin da ya fi ba shi tsoro, sai ya ji bakinsa ya ce to, ba tare da ya aike shi ba. Balkissa tana kira a waya: "Inna ta daina fitowa tsakar gida. Da murya take gane mutane yanzu. Jiya ta ji tarin Buraima mai rake ta ce kai ne." Saidou ya ajiye waya ya zauna yana tambayar kansa, shin me ya kafe shi a garin nan?

Wata Juma'a da hantsi yana wanke mota, ya zura hannu ƙarƙashin kujerar da Madam ke zama, ya ji wani abu a cushe cikin safa. Ya jawo. ’Yar kwalba ce kamar ta turare, cike da baƙar ƙasa. Tare da ita akwai hoton wani Bature mai gemu da baƙar riga har ƙasa, ya haɗa hannuwa a ƙirji, yatsun nan wasu guntaye wasu babu su sam.

Bai ƙarasa wankin ba. Bayan an sauko daga masallaci ya nufi unguwar Dira, wurin Ousmane, ɗan garinsu mai sayar da carbi da darduma a lungun bayan tsohuwar ganuwa.

"Kai ɗan Delou, lafiya ka shigo kamar an biyo ka da kare?"

Saidou ya ja shi bayan tulin darduma ya buɗe safar. Ousmane ya daɗe yana kallon hoton.

"Wannan ai ɓarawo ne."

"Ɓarawo hannu ake cire masa, ba yatsu ba."

"To ka san ƙasarsu? Wataƙila su da kaɗan-kaɗan suke yi." Ya ɗaga kwalbar da bakin yatsa kamar mai ɗaukar kunama. "Wannan kuwa ko ƙasar kabari ce ko ta sawunka. Ka taɓa tafiya ba takalmi a gabanta?"

"Ta karɓi tsohon takalmina ta ce za ta zubar."

"Shi ke nan! An kafe ka, ɗan'uwa, kamar turken akuya. Kai da ke binne gashi, ga Baturiya ta yi maka a sauƙaƙe." Ya nuna wajen filin Dira, inda ake zartar da hukuncin kisa, da haɓa, ya rage murya. "Kuma ka san abin da ake yi wa mai sihiri a filin can. In ’yan sandan shurɗa suka tare mota suka ga wannan, wa za su kama? Nas mai jan kunne, ko Takari mai sitiyari a hannu? Ka kai wa ’yan hai'a kawai, su kora ta ƙasarsu."

Saidou bai yarda da ’yan hisbar nan na hai'a ba, domin wanda ya kai musu kwalba shi za su fara tambaya inda ya samo ta. Bai ma yarda da Ousmane ba, don ya tuna yana da ƙane mai lasin da ke zaune ba aiki. Ya naɗe safarsa ya ce zai yi tunani.

Washegari, da ya sauke Madam a asibiti, ya kama hanyar filin jirgin Sarki Khalid, don ƙasar ta san inda ya dosa. Ya tsaya inda babu gida babu mutum, ya karanta Falaƙi da Nasi, ya juya baya ga iska ya zazzage kwalbar. Sannan ya cika ta da yashin wurin. Sai dai yashin Riyad ja ne, ƙasar Madam kuwa baƙa ce. Ya biya wani kanti ya sayi garin kofi irin na Turkawa, ya cakuɗa har launi ya zo daidai, ya toshe, ya mayar ƙarƙashin kujera. Ya koma yana jin kansa sakayau, yana yaba wa dabararsa. Namiji ke nan: ya tuna ido, ya manta hanci.

An yi kwanaki ba abin da ya faru. Rannan da azahar suna kan babban titi, wani yaron Larabawa ya yanko gabansu da mota kamar aljani ya koro shi. Saidou ya taka birki har Madam ta bugi kujerar gaba. Allah ya tsare. Amma tsohuwa ta sunkuya ta lalubo safarta, ta ƙanƙame kwalbar, ta cire murfin kamar mai neman ta shaƙi garinsu. Mota a rufe, sanyi na busawa. Ƙanshin kofi ya cika ko'ina kamar an shiga majalisar Abu Nayif.

"Saidou, tsaya a gefe."

Ya tsaya.

"Ina ƙasata?"

Ya so ya yi ƙarya, amma ya leƙa madubi ya ga idonta, ya ga ramin ƙaryar ba zai yi zurfi ba. "Tana hanyar filin jirgi, Madam."

Da ta buɗe baki ba faɗa ta yi ba, labari ta kama, muryarta a dishe. Ta ce na hoton limaminsu ne na Katolika, mutumin Faransa, sunansa Ishaƙu in an juya shi zuwa bakinmu. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce ya haye teku zuwa yankinsu, lokacin duk daji ne da tafkuna, yana yi wa mutanen asalin ƙasar wa'azi. Wata ƙabila da ke gaba da masu masaukinsa ta kama shi, suka tauna masa yatsu, suka yanke babban, suka mai da shi bawa. Wasu fatake suka taimake shi ya tsere, ya isa Faransa har mutanensa ba su gane shi ba. Bai daɗe ba ya ce zai koma, ya kuwa koma. Da aka yi sulhu ya shiga garin waɗanda suka kama shi, ya bar musu ajiyar wani ɗan akwati ya tafi. Bayansa ciwo ya shigo garin, tsutsa ta cinye masara. Suka ce akwatin ne. Da ya dawo suka sare shi da gatari. Ta ce akwai wurin ziyara da aka gina don tunawa da shi da ’yan'uwansa da aka kashe a wancan zamani, can ta kai uwarta shekarar da za ta rasu, tsohuwar ta ɗebo ƙasar da hannunta ta ba ta.

Wani da ya ji haka sai kunya ta kashe shi. Saidou ya ji kunyar, don ya san mene ne abin hannun uwa, amma ba ta hana shi tambaya ba.

"Madam, akwatin nan, me ke ciki?"

"Kayan ibadarsa da ’yan tarkace. Ya ma buɗe ya nuna musu."

"To me ya sa ya kulle ya bari a garin mutane?"

"Domin zai dawo!"

"Kisa dai ba su kyauta ba, rai ba abin wasa ba ne. Amma wallahi da ina garin, ba ni kwana kusa da akwatin nan." Ya gyara zama. "Kuma mutum ya tsira, ya ga gida, ya ga dangi, sannan ya koma inda aka ci masa yatsu? Wa ya kira shi?"

"Allah ya kira shi."

"Mu a wajenmu kiranye muke ce wa wannan."

"Kai wa ya kira ka Riyad?"

"Yunwa, Madam. Ita kuwa tuni ta sallame ni, ke ce ba ki sallame ni ba."

"Kana nufin ka zaci da wannan kwalbar na ɗaure ka? Me ya hana ka tambaye ni?"

"Mai asiri yana faɗa ne? Sau nawa na ce miki uwata na jirana, kika ce bayan Kirsimeti?"

Madam ta juya fuska ga taga tana kallon dogayen gine-ginen Ulaya. Ita ta san ba ta taɓa zuwa wurin boka ba. Ta kuma san tsoron zama a garin da babu mai jin harshenta ya sa ta riƙe ɗan mutane kamar tsohuwa da sandarta, tana yi wa uwarsa addu'a da baki tana hana ta ɗanta da hannu. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ta ba. Ta ciro waya a jaka ta kira Abu Nayif a gabansa, ta ce da Larabcinta mai kama da tauna tsakuwa, ta gama da direban nan, a ba shi fasfonsa.

Abu Nayif ya kira shi da yamma. "Ya Saidou, huruj wa auda zan yi maka, ka je ka dawo in nema maka wani gida, ko nihai, fita ba dawowa?"

Saidou ya tuna mai baƙar riga da ya ga gida ya sake juyawa. Ya ce, "Nihai."

Ousmane ya ce masa, "Ka gani? Kana zubarwa ta sake ka." Saidou bai musa ba. Har yau in an tambaye shi yakan ce shi dai bai ce asiri ne ba, bai kuma ce ba asiri ba ne, amma a duba yadda abin ya zo.

Ya tarar da Delou da rai, a kwance a kan tabarma, ta zama kamar tsumma. Ya yi sallama daga ƙofa ta ce, "Buraima, yau ba ni son rake." Ya ce, "Inna, ni ne." Ta ce, "To shigo, ka tsaya a nan kana tare mini iska."

Da aka gama cin dabino da rabon darduma, baƙi suka ragu, Balkissa ta kawo masa fura ta zauna gefe tana wasa da bakin zane.

"Malam, yaushe hutun zai ƙare?"

"Ba hutu ba ne."

Ta dube shi, ta dubi rufin ɗakin da ba a gama sa wa kwano ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ta yi kusan wata ba ta yi masa dariya ba.

Delou ta ƙara damina guda. Ranar da ta cika, Saidou ne ya shiga kabarin ya karɓe ta, ya gyara mata kwanciya, maƙwabta suna miƙo masa itace daga sama.