Jan Ƙyallen Ƙarfe Goma

Taubashiyata tela ce, kuma duk layin teloli babu mai taka keke kamarta. Idan ta murza shi, wallahi allura har hayaƙi take yi. Ina kiranta Jirgin Ƙasa, ita kuma tana kirana Mai Aji Huɗu, don a nan karatuna ya ƙare. Amma kullum ƙarfe goma na safe sai ƙafarta ta tsaya cak. Shekara ashirin ke nan.

Ƙarfe goma ake buga ƙararrawar fita hutu a makarantar unguwarmu, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiya. Taubashiyata tana da ƙane, muna ce masa Shiru. Da an buga sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin benci. Malamai suka ce taurin kai ne, aka ɗora wa yayarsa aikin jawo shi ta ƙafa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, murfin tukunya nake buga masa a baya don mu yi dariya. Wata Talata aka buga, bai shiga ƙarƙashin benci ba, ƙofar makaranta ya nufa a guje. Takalminsa ɗaya aka tsinta a bakin titi. Har yau ba a gan shi ba, kuma gidanmu ba a ambatonsa.

Sai ga 'yar taubashiyata, mai shekara bakwai, ta zo da irin halinsa sak. Magana kaɗan, jera maɓallai kala-kala, ga toshe kunne. Likita ya ce ba ciwo ba ne, haka ƙwaƙwalwarta take karɓar abubuwa. Uwar ta ɓoye takardar likitan a akwatin keke. Hedimasta ya aiko: in yarinya ba ta daina ihu a ƙarƙashin benci ba kafin ƙarshen zango, a zo a ɗauke ta.

"Taso ka raka ni, Mai Aji Huɗu," in ji ta. "Ko bakin nan naka zai yi amfani sau ɗaya."

Muna zaune a ofishin Hedimasta aka buga ƙarfen. Shi ne dai, muryarsa ba ta tsufa ba. Na ga taubashiyata, mace mai 'ya, ta toshe kunnuwanta biyu. Da ta sauke hannu, sai ta faɗi labarin Shiru duka, ta ajiye takardar likita a tebur.

Malamar ajin ta matso. "Maman yarinya, a shagonki ba keke uku ke ruri ba? Yaya take yi?"

"Lafiya lau, Malama. Ƙafata take kallo kafin in taka."

"To ba ƙarar ba ce, bazatar ce."

Nan aka shirya: a mai da yarinya bakin taga, maigadi ya ɗaga jan ƙyalle, ya ƙirga ashirin, sannan ya buga. Hedimasta ya ce a gwada mako biyu. Taubashiyata ta ɗinko ƙyallen da zai iya lulluɓe motar haya har da direba.

Ranar farko muka tsaya a jikin katanga, ta riƙe hannuna kamar za ta karya shi. Ƙyalle ya tashi. Yarinya ta gani, ta ɗora tafukanta a kunne a hankali. Aka buga. Tana nan zaune. Zango ya ƙare, ba a sake aiko takarda ba.

Sai dai ƙarfe goma har yanzu ƙafar uwar tana tsayawa. Rannan ina neman almakashi na buɗe akwatin kekenta, na ga wani jan ƙyallen a ninke, an yi masa kalmasa tsaf.

"Jirgin Ƙasa, wannan kuma na wa?"

Ta rufe akwatin a hankali. Ban sake tambaya ba, don gidanmu ba a ambaton Shiru.