Faifan da Tamba Ya Kai Argungu

A layin masu gyaran waya na kasuwar Birnin Kebbi, tsakanin wani mai sayar da caja da wani shi ma mai sayar da caja, akwai shagon da ƙofarsa ke buɗe kullum amma da wuya a ga takalmi a bakinta. Shagon Tamba ke nan, mai sayar da faya-fayan gem, wato wasannin nan da ake bugawa a talabijin. Shekararsa arba'in da takwas, dogo ne ramamme, da furfura a gemu da kanta a manyan yatsunsa biyu. In aka tambaye shi yadda kasuwa take sai ya ce, "Lahiya lau. Jiya ma mutum biyu sun shigo. Guda inuwa ya zo nema, guda ya yi ɓatan kai."

Ɗan manomin shinkafa ne daga Ambursa. Mahaifinsa ya so ya bi shi fadama, Tamba ya ce ruwan fadama na sa masa ƙaiƙayi, alhali fatarsa ta fi ta kowa lafiya a gidan. Wata rana aka aike shi kai buhun albasa gidan wani ma'aikaci a Gwadangaji, ya leƙa falo ya ga mutum biyu suna dambe a cikin talabijin, masu sarrafa su kuwa suna zaune a kan tabarma suna dariya. Ya tsaya da buhu a ka har wuyansa ya sage. Bayan damina biyu ya sayi tsohuwar na'urar wasa ta Sega da ƙaramar talabijin, ya kafa rumfa, yana karɓar naira biyar duk wasa.

Zamanin na'urar PS2 shi ne zamanin Tamba. Duk mako biyu yakan hau mota zuwa Kano, ya dawo da jaka shaƙe da faya-fayai, kowanne naira ɗari da hamsin. Gab da salla yakan sayar da hamsin a wuni. Wanda ya gaji da nasa ya kawo a yi musaya, ya cika ashirin, ya kuma zauna a benci ya yi awa biyu yana gardamar wane ya fi wane iya ƙwallo. Bencin nan sau uku ana canza masa ƙafa. Da PS3 ta shigo, aka fara ɗura wasanni a cikin tumbin na'urar, ciniki ya ragu da rabi. Da PS4 ta zo, faifai ya zama abin da ake ciro wa kuɗi daga aljihu da bismilla. In ya sayar da goma a wata, tsofaffi ma, sai ya ci tsire. Daga nan matasa suka koma wasa a waya, masu hali kuma suka koma sauke nasu ta intanet suna kwance a ɗaki. Kuɗin faifai na hawa, masu saye na sauka, kamar guga biyu a rijiya guda.

"Da can," in ji Tamba, "faifai hamsin nika saidawa in sayi buhun shinkafa. Yanzu sai na saida buhu biyu in sayi faifai guda. Ci gaba hwa ake ta yi."

Amma ba cinikin ne ya fi ci masa rai ba. Zayyanu ne.

Zayyanu ma'aikacin gwamnati ne, gajere mai tumbi, wanda ya shigo shagon wata Juma'a neman faifan ƙwallo, ya ce bari ya gwada kafin ya biya, gwajin ya ɗauki shekara goma sha tara. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yakan cire babbar riga ya rataye a ƙusa, ya zauna a bencin, su ɗauki fad, abin latsawar nan, kowa da nasa. Tamba na kiransa Akawu, shi kuma yana kiran Tamba Ɗan Fadama. Su yi ta cin juna suna tsiya har la'asar, su yi salla, su dawo su ɗora. Da matar Tamba, Riskuwa, ta rasu, masu gaisuwa sun yi ta faɗa masa kalmomin haƙuri har kunnensa ya cika. Zayyanu kuwa bayan sadakar bakwai ya zo shago, ya kunna talabijin ya miƙa masa fad. Ranar ya bari an ci shi huɗu da nema, ya kuma rantse cewa hannunsa ne ke ciwo.

Shekara biyu da suka wuce aka ƙara wa Zayyanu girma aka mayar da shi Argungu. Ya ce ai tafiyar awa guda ce, kowace Juma'a zai zo. Ya zo sau uku. 'Yar Tamba tilo, Mubina, tana aure a Sakkwato, sai dai waya. Saboda haka ranar Juma'a Tamba kan dawo masallaci ya zauna ya buga ƙwallo da na'ura. Na'ura ta iya wasa, ba laifi. Sai dai in ka ci ta ba ta jin haushi, in ta ci ka ba ta yi maka dariya, kuma ba ta taɓa cewa hannunta ke ciwo ba. Abin da yake so a duniya bai wuce guda ba: ya sake zama kafaɗa da kafaɗa da Akawu, ko da sau ɗaya ne a wata.

Wata Talata da hantsi wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗan Fadama, kana raye?"

"Ina nan ina gadin ƙura. Akawu, ashe ba su kore ka ba?"

"Kore ni? Ni da na sayi PS5! Ka taho Asabar in koya maka ƙwallo tun daga farko."

Tamba ya kashe waya ya miƙe tsaye, ya sake zama, ya sake miƙewa. Ba zai je hannu rabbana ba. Akwai buhunan shinkafa da ƙanensa ya aiko masa daga Ambursa, rabonsa na gonar gado. Ya fitar da biyu ya sayar, ya aika Kano aka sako masa faifan ƙwallo na bana a mota, sabo fil cikin leda, naira dubu tamanin. Shekara ashirin da wani abu duk wanda ya zo sayen faifai sai Tamba ya tambaye shi, "Wace iri ce na'urarka?" Ya tambayi 'yan makaranta, ya tambayi sojoji, ya tambayi wata hajiya har ta ji haushi. Mutum guda ne bai tambaya ba.

Asabar da safe ya sa farar shadda, ya fesa turare kamar mai zuwa neman aure, ya shiga motar Argungu. Suka wuce Ambursa, shinkafa ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, bai ko kalli gefen gonarsu ba. Faifan na ƙirjinsa cikin aljihun riga, yana ta shafa shi.

Zayyanu ya tare shi a ƙofar gida da ihu. Ya ƙara ƙiba, ya kuma fara sa tabarau. Matarsa Ummu Hani ta leƙo ta gaishe shi, "Baban Mubina, yau kai ne a garinmu? Sannu da hanya," ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi. Suka ci suna tsokanar juna, Tamba na jin wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinsa yana kwancewa. Da suka wanke hannu ya zaro faifan ya ajiye a kan tebur, a hankali, yadda ake ajiye goron ɗaurin aure.

"Mi na na wanga?" Zayyanu ya ɗauka ya juya. "Ɗan Fadama, tawa ba ta cin faifai."

Tamba ya je gaban na'urar ya durƙusa. Fara ce sol, doguwa, a tsaye kusa da talabijin. Ya shafa gefen dama, ya shafa na hagu. Sumul, babu ko tsaga. Ya san da irinta, shi da ya sha yi wa mutane bayani cewa iri biyu ce, mai baki da marar baki, marar bakin ta fi sauƙin kuɗi. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda shafa roba ke buƙata.

"To," ya ce yana miƙewa, "an haihe ta ba baki, ta huta da gardama. Kai ma da haka aka yi ka da mun ji daɗi."

Zayyanu ya yi dariya, ya ce ai yana da wasan a ciki, ya sauke tun watan jiya. Ya miƙa masa faifan. "Ka mayar shago, wani zai saya."

Tamba ya karɓa ya mayar aljihu. "Ba komi. Kawo fad ɗin mu gani in hannunka ya warke."

Zayyanu ya ɗauko fad daga kan kujera. Tamba ya jira na biyu. Ya dubi kan tebur, ya dubi bayan talabijin.

"Guda take zuwa da shi," in ji Zayyanu. "Na biyun kuɗinsa ya kai na tunkiya. Kuma mi za ni yi da shi? Abokan wasan suna ciki." Ya nuna talabijin. Ya yi masa bayani da zumuɗi: ana latsa nan, na'ura ta nemo maka wani a ko'ina cikin duniya, ku kara. In ka ci, matsayinka ya hau. In an ci ka, ya sauka. Shi wata biyu ya yi yana hawa, yanzu yana rukuni na huɗu, saura nasara biyu ya shiga na uku. "Gwada ka gani. Ga shi."

Tamba ya karɓa. Fad ɗin ya yi masa nauyi, yana rawa a hannu kamar an kama tattabara. Na'ura ta haɗa shi da wani mai suna da haruffa da lambobi, babu fuska, babu gari. Kafin ya gane wane maɓalli ne ke ba da ƙwallo an jefa masa biyu. Ya juya don ya faɗi wata magana, irin wadda za ta sa Akawu ya buga cinya, sai ya ga Akawu ba shi yake kallo ba. Wata 'yar lamba yake kallo a kusurwar talabijin, leɓensa a cije. Aka tashi shida da nema.

"Hannuna ke ciwo," in ji Tamba.

Zayyanu ya yi murmushi, amma hannunsa ya riga ya miƙo. "Kawo in gyara ɓarnar, minti goma kawai." Ya ɗauko abin saurare mai kama da faifan rufe tukunya guda biyu ya kifa a kunnuwansa.

Minti goman ya haihu. Tamba na zaune a gefensa, kafaɗarsu har tana gogar juna. Zayyanu na ihu, yana tsiya, yana cewa "Kai, ɗan banza, ka ga wannan?" da Turanci da Hausa, duk ga wani wanda bai san inda Argungu take ba. Sau biyu Tamba ya yi magana, ba a ji shi ba. Ya koma kallon labule, ya ƙirga furanninsa, ya samu talatin da ɗaya. Suka yi azahar tare a masallacin unguwa, a hanya hira ta ɗan farfaɗo, suna dawowa aka sake kifa abin a kunne.

Da la'asar ta gabato Tamba ya ce zai kama hanya. Zayyanu ya zame abin daga kunne guda.

"Tun yanzu? Ka ga, dabara ita ce ka sayi taka. Dubu ɗari bakwai da wani abu, sai kuɗin data. Kana Birnin Kebbi, ina nan, kullum sai mu haɗu. Ba sai kowa ya sha wahalar mota ba."

Tamba ya auna maganar. Ko da ya sayar da shagon da bencin da ƙusar bango, ba za su kai ba. In ma sun kai, abin da zai saya shi ne damar zama shi kaɗai a ɗaki.

"Sai na yi shawara da shinkafa," ya ce.

A ƙasar nan tsawon rakiya shi ke faɗin matsayin baƙo. Wani a bar shi a zaure, wani a kai shi bakin titi, wani kuwa sai an ga tashin motarsa. Zayyanu ya taso da fad a hannu, suka fito tsakar gida, suka kai ƙofa. Daga falo talabijin ta yi wata 'yar ƙara, alamar an samo masa abokin karawa. Ya waiga. Ya dubi Tamba. In bai koma cikin daƙiƙa talatin ba, za a rubuta an ci shi.

"Je ka, Akawu," in ji Tamba. "Na san hanya."

"Ka gaida gida. Sai mun yi waya, wallahi."

Ya taka shi kaɗai har tasha, bai hau babur ba. Motar Birnin Kebbi saura mutum guda ta cika, aka matsa masa a baya kusa da wani dattijo mai kwandon busasshen kifi a cinya. Dattijon na ta son hira, ya tambaye shi ko ziyara ya zo.

"Wajen abokina," in ji Tamba.

"Madalla. Ka same shi lahiya?"

"Lahiya lau. Yana da jama'a."

Direba ya tayar da mota. Tamba, wanda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ya jingina kai da gilashi, bai sake cewa komai ba har Birnin Kebbi.