Ajin Malama Hajjo da Ba A Jin Ihunsa

Kafin 'yan gwanjon kasuwar Dembé su baza kaya, Malama Hajjo ta riga ta sauka daga babur a ƙofar lekol, wato makarantar bokonsu ta unguwar Moursal, jakarta tana ƙacau-ƙacau. Marafen kwalba ne a ciki, kowanne da harafi ɗaya da ta rubuta. Da su take koyar da 'yan ajin farko, yara sama da ɗari, littafi kuwa sai a hannun malama.

A garin nan da kunne ake auna malami. Ajin da ya fi tsage maƙogwaro wajen maimaita abin da ke kan allo shi ne ajin kirki. Ita ma haka ta fara, har ranar da ta nuna wa wata yarinya kalma a tsakiyar allo, yarinyar ta rero mata jimlar tun daga farko. Ashe duk hadda ce. Daga baya wani taron horo ya kawo musu abin da masu bincike suka tabbatar: sautin harafi tukuna, sannan haɗawa, sannan a saurari kowane yaro shi kaɗai. Sauran malamai suka ci shinkafar taro suka manta. Ita ta riƙe.

Ajinta ya yi tsit, shirun kuma ya zame mata laifi. Alhaji Mijinyawa mai shagon atamfa da kansa ya zo.

"Malama, ajin Madam Indo har titi ake jin sa. Naki kamar gidan makoki. Kalas, shi ke nan, a mai da mini 'yata Bahijja can."

"Alhaji, tsaya ta karanta maka kalmar da ba ta taɓa gani ba."

Bai tsaya ba. Bahijja ta gama lekol da murya mai kyau. Yau Zaliha, ƙawarta da ta zauna a ajin shiru, ita ke karanta mata takardar magani.

Ke ce uwar masu farawa, Malama. Ke ce kika durƙusa gaban yaranmu ɗaya bayan ɗaya har gwiwoyinki suka gaji, mu kuwa muna bakin taga muna neman ihu.

Bana ta ajiye aiki. Burinta ɗaya, kada hanyar koyarwar ta bi ta zuwa gida, don haka ta bar wa magajinta jakar. Makon jiya ta bi ta wajen, ta ji ajinta yana amsa amo har titi. A tsakar fili 'yan mata na wasa da marafen. Ta ɗauki ɗaya daga ƙasa.

"'Yata, wane sauti ne wannan?"

"Inna, murfin lemo ne."

Abin ya yi mini ciwo, kuma ba ni da wani albishir. Mun gode, Malama Hajjo, ko da godiyar ta makara. Allah ya saka miki. Malamin da ke da sauran tausayin yara, ya neme ta a gidanta na unguwar Paris-Congo, domin ta fara tara wasu marafen. Har yau dai ba wanda ya yi sallama.