Jirgin Yaya Alhasan da na wanke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko lazimi ban gama ba, aka kira ni daga Bambeye cewa Yaya Alhasan mai garwa ya rasu. Wan mijina ne. Tun ɗazu nake zaune kan tabarmar salla.

Mutanen Tawa na da sun san shi a bakin kasuwa, yana ƙera fitila da mazurari da tsofaffin gwangwanaye. Ni kuwa na san shi da abu biyu: bai taɓa shigowa gida bai ɓoye mini ɗan ƙuli-ƙuli a aljihu ba, kuma har na yi jikoki bai daina ce mini Amarya ba.

An kawo ni gidansu a shekarar babban farin nan, lokacin mulkin soja. Dabbobin gidan sun ƙare, kasuwa ta mutu, ba mai sayen fitila. Sai Yaya ya tara gwangwanayen man agaji, ya zauna a zaure yana ƙera jirgin sama na yaƙi, tsawonsa kamu ɗaya.

Maƙwabta suna tsokanarsa: "Alhasan, ɓoye abinga kada jandarma su ce kana shirin juyin mulki!"

Don mahaifinsu yake yin sa. Tsoho ya yi sojan Faransa a yaƙin duniya, aikinsa zuba wa irin jiragen nan mai, kuma hoto guda ya dawo da shi. Yaya ya bi hoton nan, fiffike, wutsiya, farfela mai juyawa, duk ya liƙe da dalma ya shafa fenti. Wajen zaman matuƙi kawai ya bari ba kowa, ya ce ba ya ƙera mai rai.

Tsoho, da ganinsa ya riga ya yi rauni, ya kai shi dab da ido, ya ce: "Wanga na 'yan biki ne. Namu ya sha wuya."

Sai Yaya ya koma tsofar da shi. Sati-sati yana ɗibar baƙin fitila da gashin kaza yana ja daga bakin injin, yana murza jar ƙasa a ƙafafun, yana ɗiga baƙin man mota inda mai ke yoyo.

Ni ban san da wannan ba. Ba na zama inda surukina yake, balle in ji hirarsu.

Ranar da su Yaya suka tafi garin Kalfu ta'aziyya na shiga sharar zaure, na ga jirgin ya yi dauɗa. Na ce kai, wahalar bawan Allah ta lalace haka? Na ɗauko toka da yashi na dirje shi kamar gindin tukunya, har farin gwangwani ya fito. Ina ma jin daɗi.

Da Yaya ya dawo ya daɗe tsaye a kansa. Bai tambayi kowa ba. Daga baya na ji mijina yana faɗin irin aikin da aka ɓata, kunya da tsoro suka hana ni cewa ni ce.

Kwana tara bayan haka Tsoho ya rasu.

Kusan shekara arba'in ina ɗauke da abin nan. Malaminmu na allo ya koya mana cewa haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Sau nawa na yi niyya, in na gan shi sai in tsaya a gaisuwa.

Da babbar sallar da ta wuce na same shi kwance, ya rame. Jirgin na rataye a bango, ya yi tsatsa. Na durƙusa na ce: "Yaya, ni ce na wanke shi. Ka yafe mini."

Ya yi dariya har da tari. "Amarya, wa ke dirza haka a gidanmu in ba ke ba? Tun rannan na sani."

Na ce to me ya hana shi magana?

"Ke da kika zo gidan da babu hatsi, kina neman abin da za ki gyara muna? Kuma ji nan. Na kai ma Tsoho shi hakanan. Ya shafa, ya ji karcen yashinki, ya ce yauwa, haka rairayi ke cin su."

Har yau ban sani ba ko Tsoho ya faɗi haka, ko Yaya ne ya ƙera mini maganar kamar yadda yake ƙera fitila. Ban tambaya ba. Yanzu kuma ba wanda zan tambaya.

Amma "na yafe" na ji ta da kunnena, sau biyu.

Allah Ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka haskaka kabarinsa, Ka sada shi da mahaifinsa cikin rahama.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Yaya Alhasan a addu'a, ko da ƙulhuwallahu ƙafa uku ce.