Tsintsiyar Isufu da Tsuntsun da Ba Ya Tashi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda kwantena ta ofishin Alhaji Sharfaddeen da ke benen Tianxiu a birnin Guangzhou na ƙasar Chana ya san Isufu Mai Tsintsiya, kuma rabinsu sun taɓa yi masa Allah ya isa a zuci. Gajere ne, da furfura a gemu, bai san gaggawa ba. Direba na danna ham, masu kaya na kumfar baki, gogan naka kuwa yana durƙushe a cikin kwantena yana share lungu.

Ba a banza ya samo halin ba. Shekara ashirin ya yi yana tsaron siton hatsi a Dawanau, inda ya ga yadda ƙwaro ɗaya ke mai da buhun wake gari. Daga can Alhaji ya ɗauko shi zuwa Guangzhou ya damƙa masa mukullin sito. Shekara tara mukullin nan na aljihunsa, da shi yake ci da iyalinsa a gida.

A bajekolin Pazhou na watan Afrilu Alhaji ya samo wani baƙo, ya kawo shi sito. Ƙato ne, fuskarsa duk zane tun daga goshi har haɓa. Isufu ya dube shi ya ce, "Alhaji, wannan ai ɗan dangi ne, ga tsagar gidansu nan."

Ashe bai yi kuskure ba. Baƙon Bamaori ne, wato ɗan ƙabilar asali ta ƙasar New Zealand, kuma zanen na kakanninsa ne. Da zai gabatar da kansa sai ya miƙe tsaye, ya faɗi sunan dutsen garinsu, da koginsu, da kwalekwalen da ya kawo kakanninsa tsibirin shekaru ɗari bakwai da suka wuce. Sai a ƙarshe ya ce sunansa Tamati. Ya tambayi Isufu nasa dutsen da kogin.

Kunya ta kama Isufu. Cikin guntun Turancinsa ya ce, "Ni mai shara ne kawai."

Tarkunan ɓera da ragar waya Tamati ya saya, cike da kwantena. Ya ba Isufu labari suna shan shayi. Ƙasarsu manyan tsibirai biyu ne can ƙasan duniya, inda Disamba ke zafi, Yuli ke sanyi. Babu maciji ko ɗaya. Da can babu dabbar da ke farautar tsuntsu a ƙasa, har wasu tsuntsayen suka daina tashi, irin su kiwi, mai girman kaza, mai dogon baki. Da jirage suka shigo da ɓeraye, sai suka far wa ƙwai. Yanzu dangin Tamati za su kewaye dajin kakanninsu da waya kafin lokacin saka ƙwai. Shi ya sa a tasharsu ta jiragen ruwa, in aka ga ƙwaro ko ƙwayar iri a kwantena, sai a tsare ta, wani lokaci ma a maido ta.

Abin ya burge Isufu. Yau ga ƙasa guda mai tunani irin nasa!

Ranar lodi, dole kwantena ta shiga tashar jirgi kafin biyar na yamma. Kayan sun iso a ɗaure kan katakan ɗora kaya, kowanne da hatimin cewa an yi masa maganin ƙwari. Da hantsi Isufu na shara, sai ya ga ɗan tsibin gari mai laushi ƙarƙashin wani katako. Ya share. Ya dawo bayan minti goma, garin ya sake taruwa.

"Alhaji, katakon nan ba zai shiga ba. Akwai mai rai a ciki."

"Kai, Malam Isufu! Ba ka ga hatimi ba?"

"Ranka ya daɗe, ƙwaro bai iya karatu ba."

Ran Alhaji ya ɓaci, ga baƙo tsaye yana kallo. Ya ce, "Na gaji da wannan iyayi. In jirgin nan ya tafi ya bar mu, mutanen nan sun rasa shekara guda, ni na rasa suna. Ko ka loda, ko ka ba ni mukullina."

Wallahi Isufu ya ji tsoro. Wa zai ɗauki dattijo mai shara aiki a Chana? Amma ya zaro mukullin ya miƙa. Sa'an nan ya ɗauki ƙarfen ɓalle akwati ya tsaga katakon gida biyu. Sai ga tsutsotsi farare, ƙosassu, suna motsi a cikin ramukansu.

Tamati ya ja da baya kamar ya ga wuta. Alhaji ya yi salati, ya buga wa masu katako waya. "Meyo," in ji su da yarensu, wato babu wani katakon sai bayan kwana uku.

"To mu loda ba katako," in ji Isufu. "Yadda muke jera buhu a Dawanau."

"Kwali ɗari tara? Da hannun wa?"

Isufu ya ɗauki waya ya aika saƙon murya zauren 'yan kasuwa: "Jama'a, Isufu Mai Tsintsiya ne. Yau gayya nake kira. Wanda na taɓa ɓata wa lokaci, ya zo ya rama."

Ai kuwa suka zo! Tankari ɗan Maraɗi ya rufe shagonsa ya taho da mutum shida, yana cewa yau sai ya ga ƙarshen tsintsiyar nan. Kanawa suka cika mota biyu. Hajiya Saude mai abinci ta biyo su da tukunyar dafa-duka. Aka yi layi daga sito har bakin kwantena, manyan alhazai sun tuɓe riguna, zufa na zuba, ana tsiya ana dariya. Isufu na tsaye a ƙofa. Kwalin da bai juya ya share shi fuska shida ba, ba ya wucewa. Sau biyu ya mayar da na hannun Alhaji kansa.

Uku da rabi aka rufe ƙofa, mota ta tashi. Tamati ya zo ya kama kafaɗun Isufu, ya sunkuyo ya haɗa goshi da hanci da nasa, gaisuwarsu ta girmamawa ke nan. Tankari ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Tamati ya ce a wajensu, wanda ya tsare ƙasa daga ɓarna ba a kiran sa mai shara. Ya sake tambayar dutse da kogi.

Isufu ya gyara tsayuwa. "Dutsena Goron Dutse. Kogina Watari. Jirgin Alhaji ne ya kawo ni. Sunana Isufu."

Sai dai girman kai rawanin tsiya ne. Alhaji ya tafi da mukulli a aljihu. Mako biyar Isufu na zuwa da safe ya zauna a bakin sito sai an zo an buɗe masa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai tambaya ba.

Ran nan sai ga Alhaji da sassafe, shi da Tankari da wasu, waya a hannu. Tamati ne ya aiko saƙo: ma'aikatan tasha sun buɗe kwantena, sun bi ta da fitila lungu-lungu, ko ƙwayar yashi ba su samu ba. Dangogi uku na maƙwabta suna son irin kayan, da sharaɗi ɗaya: mutumin Goron Dutse ne zai loda.

Alhaji ya miƙa mukullin da hannu biyu, a gaban kowa. "Malam Isufu, ka yafe ni."

Isufu ya karɓa, ya buɗe sito, ya waiwayo ya dubi ƙafafunsu. "Na yafe, Alhaji. Amma ku karkaɗe takalmanku kafin ku shigo."

Kuma duk suka karkaɗe.