Kan da Ya Leƙo Daga Ramin Goggo Ikilima

Jama'a, a gyara zama, a kashe waya! Ga sarauniyar yumɓu, wadda ban taɓa ganin haƙoranta a dariya ba tun ina rarrafe: Goggo Ikilima ta ƙauyenmu na bayan dutsen Zuma, ƙanwar babana. Ni kuwa Ghali ne, na bar sakandare a aji biyu domin ni da lissafi ba mu jitu ba.

Shekara arba'in tana ginin tukwane tana kai wa kasuwar Sabon Wuse. Ramin yumɓunta yana gefen gonarta. Kakarta ce ta nuna mata shi, kuma da shi take ciyar da jikoki uku.

Bara da damina ruwa ya zaftare gefen ramin, sai ga kai ya leƙo. Kan mutum na gasasshiyar ƙasa, girman ƙwarya, idanu a huje, kunne ɗaya a gutsure. Goggo ta naɗe shi a zane ta kawo gida, ta ce, "Ghali, bakinka."

To, bakin nawa ta ja wa kunne, ba wayata ba. Abin da na tsinta daga malamin tarihi shi ne, sarakunan Zazzau sun baro Zariya sun sauka nan, sun tarar da Koro da Gbagyi, kuma tun kafin su duka an yi wasu mutane masu narka ƙarfe da gina irin waɗannan kawuna. Na haɗa duka na dama, na ɗauki kan a bidiyo, na ce ga sarkin farko na ƙasar Zuma, na watsa.

Washegari wani da ban sani ba ya turo saƙo: "Ina ramin yake?" Na nuna wa Muhsin, abokina direban tifa. Bai yi dariya ba. Ya ce ya taɓa bi ta wani ƙauye da aka tsinci irin wannan, cikin mako guda mahaƙa suka mayar da gonaki ramuka, mai gonar da ya yi gardama har yau da sanda yake tafiya. Nan take na ciro waya. Na goge bidiyon, saƙo bai daina shigowa ba. Na je na faɗa wa Goggo. Ko zagi ba ta yi ba, ta shige rumfarta ta ja asabari. Kwana huɗu hayaƙi ne kawai ke tashi ta bayan gida.

Ranar Laraba da hantsi baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum huɗu, diga da shebur a baya. Ɗaya bai cire hannu daga ƙarƙashin rigarsa ba. Suka shigo gida ba sallama.

Ogansu ya dubi Goggo, tana tsugune tana kaɗa miya. "Mama, kan muke nema, da inda aka tono shi."

"Wanne daga ciki?"

Ta ɗaga asabari. Kawuna tara a kan tabarma, kowanne da gutsurarren kunne, biyu ma ba su bushe ba. Ogan ya dubi wayarsa, ya dubi kawunan. Goggo ta ɗauki gasasshe ɗaya ta buga da ƙasa, ya fashe, cikinsa ja sabo fil.

"Ni ke gina su. Masu gidaje a Abuja na ajiyewa a falo."

Ogan ya juyo ya shaƙe wuyan rigata. "Kai ne mai bidiyo?"

"Ranka ya daɗe, wasa nake, wallahi ko jarrabawar tarihi ban ci ba!"

Marin da na sha har yanzu kunnena na hagu yana kiran sallah shi kaɗai. Suka birkice ɗakuna, har rumbu suka leƙa, suka tafi. Ba wanda ya tambayi rami kuma.

Na zube kusa da murhu. Sai na lura ɗaya daga duwatsun murhun yana kallona da hujajjun idanu, ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi.

"Goggo! Mutumin da ya girmi Zazzau kika ɗora wa miyar kuka?"

"Tsayinsa ya yi daidai," in ji ta. "Iza wutar."